Gona, Launin Fata da Alhaki a Afirka ta Kudu

Laccar yau a kan Afirka ta Kudu take, da wata tambaya da mutanen ƙasar suka haura shekara 30 suna jifan juna da ita: wa ya raba kan jama'a bisa launin fata, wa kuma ya hana ɓarakar ta ɗinke?

Ranar 21 ga Mayun 2025 Shugaba Cyril Ramaphosa ya shiga ofishin shugaban Amurka da niyyar maganar ciniki. Bai je shi kaɗai ba. Ya tafi da attajirin nan Johann Rupert, da gwanayen wasan golf biyu, Ernie Els da Retief Goosen, da ministansa na noma John Steenhuisen, dukkansu fararen fata. Ana tsakiyar magana sai Donald Trump ya ce a rage fitilu. Aka kunna bidiyo. Ga ɗan siyasar adawa Julius Malema a filin wasa yana rera tsohuwar waƙar gwagwarmaya mai ambaton harbe manomi Bature, ga kuma fararen gicciye jere a bakin titi iya ganin ido, waɗanda Trump ya ce kaburburan manoma ne. Ba kaburbura ba ne. An kakkafa su ne a 2020 kusa da Newcastle, a lardin KwaZulu-Natal, lokacin wata zanga-zanga bayan an kashe wani manomi da matarsa. Ɗaya daga cikin hotunan da Trump ya ɗaga a takarda kuwa, daga Kwango aka ɗauko shi.

Kafin wannan zama, ranar 7 ga Fabrairu, Trump ya sa hannu a umarnin tsayar da tallafin Amurka ga Afirka ta Kudu, tare da buɗe ƙofar gudun hijira ga Turawan Afirkana, wato jikokin 'yan kama-wuri-zauna da akasarinsu suka fito daga Holan. Ranar 12 ga Mayu rukuni na farko, mutum 59, ya sauka kusa da Washington.

Ana kashe manoma a Afirka ta Kudu, wani lokaci ma da azabtarwar da baki ba ya iya faɗa, kuma duk wanda ya yi wa wannan dariya bai kyauta ba. Sai dai a duba lissafi. Ƙasar tana ganin kisan kai kimanin 27,000 a shekara. Ita kanta AfriForum, ƙungiyar Turawan Afirkana da ta daɗe tana kai ƙarar gwamnati Amurka, kisa kimanin 50 ta ƙirga a gonaki a 2023. Mafi yawan waɗanda ake kashewa samari ne baƙaƙe da 'yan ruwa-biyu, a unguwanni irin su Nyanga da Inanda da Umlazi, kuma babu mai aika musu jirgi. Kisan ƙare dangi dai babu shi. Abin da ke akwai, wanda ya haɗa Malema da AfriForum da Trump a ɗaki guda, rigimar ƙasa ce, kuma tana da ranar haihuwa.

Ranar ita ce 19 ga Yunin 1913. A ranar dokar filayen 'yan ƙasa ta fara aiki. Ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne kusan biyu bisa uku na jama'a a lokacin, kimanin kashi 7 cikin 100 na faɗin ƙasar, ta kuma haramta musu saye ko hayar fili a wajen wannan ɗan yanki. A 1936 aka yi alkawarin ƙara rabon ya kai kimanin kashi 13. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. A lardin Orange Free State akwai baƙaƙen manoma da yawa masu shanun huɗa da garmarsu, suna noma gonar Bature a raba amfani, wasunsu har sun fi maƙwabtansu Turawa rufin asiri. Masu manyan gonaki suna son 'yan ƙwadago masu araha, masu ma'adinan zinariya ma haka. Mutumin da ke da shanu da rumbu kuwa ba ya shiga rami don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai doka ta ba shi zaɓi biyu: ko ya zama bara a gonar da yake nomawa, shanunsa su koma yi wa maigidan aiki, ko ya kama hanya.

Dubbai suka kama hanya, a tsakiyar hunturu, don a can watan Yuni sanyi ake yi. Sol Plaatje, ɗan jarida kuma sakataren farko na ƙungiyar da daga baya ta zama ANC, ya hau keke ya bi su. A littafinsa na 1916 ya ba da labarin iyalan da ya tarar a hanya, dabbobinsu na mutuwa da yunwa da sanyi, har da wani iyali da ɗansu ya rasu a kan hanya, suka rasa taƙin ƙasar da doka ta yarda su binne shi, sai da suka jira dare suka haƙa kabari a sace. A 1914 John Dube ya jagoranci tawaga zuwa Landan, Plaatje na ciki, don kai kuka. Sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt ya nuna musu cewa wannan harkar cikin gida ce ta gwamnatin Afirka ta Kudu, suka dawo hannu rabbana.

A lura da shekarar. Tsakanin 1913 da hawan jam'iyyar National Party mulki akwai shekara 35. Gwamnatin Louis Botha ce ta yi dokar, ƙarƙashin tutar Sarkin Ingila. Saboda haka masu ɗora komai a kan 'yan Afirkana masu tsaurin ra'ayi na 1948 suna sauke wa mutane da yawa kaya: kamfanonin ma'adinai masu jari daga Landan, da Turawa masu jin Ingilishi, da ita kanta Birtaniya.

Abin da gwamnatin D.F. Malan ta ƙara bayan zaɓen 1948, wanda ta ci da yawan kujeru alhali ƙuri'unta ba su kai na ɓangaren Jan Smuts ba, shi ne tsari. Aka haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba a 1949. A 1950 aka yi dokar rajistar jama'a, wadda ta jefa kowane ɗan ƙasa cikin rukunin launi, da dokar raba unguwanni. A 1953 aka yi dokar ilimin Bantu, aikin Hendrik Verwoerd, don kada ɗan baƙar fata ya yi karatun da ya wuce na hidima.

Don a ga yadda wannan tsari yake idan ya shigo cikin gida, a ɗauki labarin Sandra Laing. An haife ta a 1955 a Piet Retief. Uwa da uba duka Turawan Afirkana ne, masu kanti, magoya bayan jam'iyya mai mulki. Sai Allah ya yi ta da duhun fata da gashi mai murɗiya. Tana kimanin shekara 10, bayan ƙorafin iyayen wasu yara, 'yan sanda biyu suka fitar da ita daga makarantar kwana ta Turawa suka mayar da ita gida, hukuma kuma ta sauya mata rajista zuwa ruwa-biyu. Uban ya yi ta shari'a. A 1967 aka gyara doka cewa ɗan Turawa biyu Bature ne, sai takarda ta sake mayar da ita fara, amma mutanen gari ba su karanta takarda ba, suka ci gaba da gudunta. Da ta girma ta bi wani baƙar fata, uban ya yanke hulɗa da ita. Daga baya ita da kanta ta nemi a cire ta daga rukunin Turawa, domin doka ba ta yarda farar mace ta zauna gida ɗaya da 'ya'yanta da ba farare ba. Duk wannan a ofis aka yi shi, da fom da hatimi da sa hannun ma'aikaci.

Haka aka yi wa unguwanni. Ranar 9 ga Fabrairun 1955 'yan sanda 2,000 suka shiga Sophiatown a Johannesburg da manyan motoci, suka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands a Soweto. Aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa sabuwa, aka raɗa mata suna Triomf. A 1966 aka ayyana District Six ta Cape Town a matsayin unguwar Turawa, aka watsa mutum fiye da 60,000 zuwa fakon Cape Flats. Wani bincike mai suna Surplus People Project ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.5 aka tasa da ƙarfi tsakanin 1960 da 1983.

To, wa ya yi wannan? Amsar da aka fi ji daga bakin Turawan da suka rayu a lokacin ita ce ba su sani ba, 'yan siyasa ne. Akwatin zaɓe bai goyi bayan wannan amsa ba. A Yunin 1976 aka harbe 'yan makaranta a Soweto, duniya duka ta ga hoton. A Satumbar 1977 ɗan gwagwarmaya Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sanda. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara Turawa suka je zaɓe, suka ba National Party kujeru 134 daga cikin 165, rinjayen da ba ta taɓa samu ba. Akwai waɗanda suka ƙi, kuma haƙƙinsu ne a ambace su: Helen Suzman ta shekara 13 ita kaɗai daga jam'iyyarta a majalisa tana tone-tone, Bram Fischer ya mutu a 1975 yana ɗaurin rai da rai, Beyers Naudé ya rasa muƙaminsa a coci. Samuwar irinsu ma ita ce hujjar cewa wanda ya so sani zai sani. A ɗaya gefen, tsarin bai tafi ba sai da hannun wasu baƙaƙe: Kaiser Matanzima a Transkei da Lucas Mangope a Bophuthatswana sun karɓi sarautar ƙasashen jeka-na-yi-ka da babu wanda ya amince da su sai Pretoria.

Bayan zaɓen 1994 ƙasar ta yi ƙoƙarin amsa tambayar alhaki ta hanyar Hukumar Gaskiya da Sasantawa, ƙarƙashin Akbishop Desmond Tutu. Ta fara zama a Afrilun 1996, ta karɓi bayanan mutum fiye da 21,000, ta karɓi takardun neman afuwa 7,112, ta ba 849. Aiki ne babba, kuma ya sa ƙarya ta yi wuya: bayan an ji 'yan sanda da bakinsu suna faɗin yadda suka ƙona gawa suna gasa nama a gefe, babu mai sake cewa sharri ne. Amma dokar da ta kafa hukumar ta taƙaita aikinta ga kisa da azabtarwa da sace mutane da mummunar cin zarafi, daga 1960 zuwa 1994. Ƙwace gona bai shiga ba. Dokar fasfo ta cikin gida, wadda ta kai miliyoyi kurkuku, ba ta shiga ba. Masani ɗan Uganda Mahmood Mamdani ya yi wannan suka tun a lokacin: hukumar ta kalli mai duka da wanda aka daka, ta kau da kai daga wanda ya ci moriyar dukan. Sakamakon haka, Baturen da bai taɓa marin kowa ba, amma ya samu gona da makaranta da aikin da aka hana wasu, ya tashi daga gaban talabijin yana jin ba da shi ake ba.

Manyan ma sun sha. Eugene de Kock, kwamandan rundunar kisa ta Vlakplaas, ya samu ɗaurin rai da rai biyu da ƙarin shekara 212 a 1996, yana ta faɗin cewa daga sama ake ba shi umarni. Tsohon shugaba P.W. Botha ya ƙi zuwa gaban hukumar. Magajinsa F.W. de Klerk ya zo, ya nemi gafara kan wariya, amma ya ce bai san da kashe-kashen ba, ya kuma je kotu a 1998 aka shafe abin da rahoton ya faɗa a kansa. ANC ma ta garzaya kotu a jajibirin miƙa rahoton don ta hana fitarsa, saboda ya taɓo azabtarwar da aka yi a sansanoninta na Angola, sai dai ba ta yi nasara ba. Cikin ministocin gwamnatin wariya, Adriaan Vlok kaɗai ya amsa laifi ya samu afuwa. A Fabrairun 2020 de Klerk ya sake tayar da ƙura da ya ce bai yarda wariya laifi ce ga bil'adama ba, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta haka tun shekarun 1960. Gidauniyarsa ta janye maganar bayan 'yan kwanaki. Hukumar Tutu ta ba da shawarar a biya waɗanda aka zalunta diyya ta shekara 6, a kuma duba yiwuwar harajin dukiya na sau ɗaya. Gwamnatin Thabo Mbeki ta ƙi harajin, ta ba kowa rand 30,000 a 2003, aka rufe.

Daga nan alhaki ya fara sauya kafaɗa, kuma wannan ne sashen da masoya ANC a ƙasashenmu ba su cika son ji ba.

A 1994 gwamnatin Mandela ta yi alkawarin mayar da kashi 30 cikin 100 na ƙasar noma ga baƙar fata cikin shekara 5. Aka ɗaga wa'adin zuwa 2014. Da kwamitin tsohon shugaba Kgalema Motlanthe ya fitar da rahotonsa a Nuwamban 2017, abin da shirye-shiryen gwamnati suka mayar bai wuce kashi 10 ba. An daɗe ana cewa kundin tsarin mulki ne ya ɗaure wa gwamnati hannu, da tsarin nan na sai mai gona ya yarda ya sayar. Kwamitin ya ce ba nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin da ake ware wa gyaran mallakar ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin ƙasa ba, ma'aikatar ba ta da ƙarfi, kuma gonakin da aka saya suna faɗawa hannun masu uwa a gindin murhu. Wani abin mamaki: tun daga 2006 gwamnati ta koma sayen gona ta riƙe da sunanta, ta ba baƙin manomi haya, ba takardar mallaka. Wanda ba shi da takarda kuwa banki ba ya ba shi rance, kuma jami'i na iya tashinsa ran da ya ga dama.

David Rakgase, wani makiyayin shanu a lardin Limpopo, ya fara hayar gonar gwamnati a 1991. A farkon shekarun 2000 aka yi masa tayin ya saya, ya amince, sai aka yi ta ja masa rai. Sai a 2019, yana da shekara fiye da 70, kotu a Pretoria ta tilasta wa gwamnati ta sayar masa. Ba Bature ne ya hana shi ba. Gwamnatin da ta hau mulki da alkawarin ƙasa ce ta ɗauki lauyoyi don ta hana shi. A Vrede kuma, a lardin Free State, an zuba rand fiye da miliyan 200 a gonar madara da aka ce ta ƙananan manoma baƙaƙe ce. Kuɗin ya bi ta kamfanin Estina mai alaƙa da iyalan Gupta, aminan shugaban ƙasa na lokacin, Jacob Zuma, manoman da aka rubuta sunayensu suka tashi a tutar babu. A KwaZulu-Natal akwai hekta kimanin miliyan 2.8 a hannun amintacciyar Ingonyama, wadda aka kafa kwanaki kaɗan kafin zaɓen 1994, Sarkin Zulu ne mai riƙon ta. A 2021 kotu ta yanke cewa haramun ne yadda ta mayar da mazauna ƙasar kakanninsu 'yan haya.

Ga inda aka tsaya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 62, baƙaƙe kashi 81, farare kashi 7 da 'yan kai. Binciken mallakar ƙasa na gwamnati na 2017 ya nuna cewa a cikin gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka, kashi 72 na farare ne, kashi 4 na baƙaƙe. Adalci ne a ƙara da cewa wannan lissafi bai haɗa da ƙasar gwamnati da ta kamfanoni ba, kuma masana tattalin arzikin noma irin su Wandile Sihlobo da Johann Kirsten suna ganin idan aka haɗa da gonakin da baƙaƙe suka saya da kuɗinsu da waɗanda aka biya diyyarsu, abin da ya sauya hannu ya kai kusan kashi 25. Ko da wane aka ɗauka, taswirar 1913 tana nan ana ganinta. Rashin aikin yi tsakanin baƙaƙe ya haura kashi 35, tsakanin farare bai kai 10 ba.

Matashin Bature da aka haifa a 1995 yana da hujja idan ya ce shi bai kori kowa daga gona ba, kuma ba Verwoerd ne ya sace kuɗin kamfanin lantarki na Eskom har aka shiga ɗauke wuta ba. Gaskiyarsa. Yana da hujja kuma idan ya ce dokar ƙarfafa baƙar fata a harkar kasuwanci ta 2003 ta fi azurta 'yan tsiraru na kusa da jam'iyya, ciki har da shi kansa Ramaphosa, wanda yake cikin daraktocin kamfanin Lonmin lokacin da 'yan sanda suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana a Agustan 2012. Inda hujjarsa ke ƙarewa shi ne inda ya ce tunda ba shi ya yi ba, to babu abin da ke kansa. Kowa a wannan zaure ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, kuma gonar da uba ya ƙwace ba ta zama halaliyar ɗa don kawai uban ya kwanta dama. Ɗan ba shi da laifin ƙwacen, amma gonar na hannunsa, mai ita kuma na tsaye a bakin shinge.

Tsakanin waɗannan bashi biyu, na waɗanda suka ƙwace da na waɗanda suka kasa mayarwa, wata sana'a ta tsiro: cin abinci da ɓarakar. Misali mafi tsiraici shi ne na Bell Pottinger, kamfanin gyaran suna na Landan. A 2016 kamfanin Oakbay na iyalan Gupta ya ɗauke shi aiki a kan fam 100,000 a wata, daidai lokacin da 'yan jarida ke bankaɗo yadda iyalan ke juya gwamnatin Zuma. Dabarar ita ce a juya maganar: duk mai binciken Gupta a nuna shi ɗan koren jarin Turawa ne. Aka cika Twitter da shafukan bogi, aka yi ta zagin 'yan jarida. Dabarar ta ci ne saboda tana da gaskiya a cikinta, domin dukiyar ƙasar da gaske tana hannun tsiraru. A Satumbar 2017 ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya ta kori kamfanin, cikin 'yan kwanaki ya durƙushe. Turawa ne a Landan suka karɓi kuɗin 'yan kasuwa daga Indiya don su hura wutar gaba tsakanin baƙi da fari a Afirka.

Malema da AfriForum kuwa, kowanne kasuwar ɗan'uwansa yake ci. Kotu ta ce waƙar nan ta harbe manomi kalaman ƙiyayya ce a 2011, wata kotun ta ce ba haka ba ne a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukunci na biyu a 2024. Malema ya san doka ta ba shi dama, ya kuma san abin da waƙar ke yi wa tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a gona mai nisan kilomita 30 daga ofishin 'yan sanda. Duk ran da ya rera, AfriForum ta samu sabon bidiyon kai wa Amurka, duk ran da ta kai, shi kuma ya samu hujjar cewa Turawa maciya amanar ƙasa ne. Jam'iyyarsa ta EFF kashi 9.5 ta samu a zaɓen Mayun 2024, kuma ba ta cikin gwamnatin haɗin gwiwar da ANC ta kafa bayan ta faɗo zuwa kashi 40. Ita kuwa dokar karɓar filaye da Ramaphosa ya sa wa hannu a Janairun 2025, wadda aka ce ita ce hujjar ƙwace, ta maye gurbin wata ce ta 1975. Ta yarda a karɓi fili ba diyya a 'yan wurare, kamar filin da aka yi watsi da shi ko wanda aka ajiye ana jiran farashi ya tashi, kuma mai fili na da damar zuwa kotu. Ran da aka rage fitilu a Washington, ba a karɓi ko gona ɗaya da ita ba. Jam'iyyar DA ta Steenhuisen ta ƙalubalanci dokar a kotu a 2025 alhali tana zaune a majalisar ministoci.

Talakan da ya gaji da jira yakan huce a kan wanda ya fi shi rauni, kuma a nan maganar ta taɓo Najeriya kai tsaye. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu ta bar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961. A 1976 Najeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata da 'yan makaranta suka zuba. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, da Joseph Garba, da Ibrahim Gambari, duk sun shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya. Duk da haka a Mayun 2008 aka kashe mutum 62 a tarzomar ƙyamar baƙi da ta faro daga Alexandra, a 2015 aka sake bayan wani jawabin Sarkin Zulu Goodwill Zwelithini, wanda daga baya ya ce an juya masa magana, a Satumbar 2019 kuma sai da jiragen Air Peace suka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya. Ɗan siyasar da ya kasa ba da gona ko aiki ya gano cewa nuna ɗan Zimbabwe ko ɗan Mozambik ko ɗan Najeriya da yatsa ba ya cin ko sisi.

Saura batun shari'o'in da aka binne. Sharaɗin afuwar hukumar Tutu a fili yake: wanda bai nema ba, ko ya nema aka hana shi, kotu na jiransa. Hukumar ta miƙa wa masu gabatar da ƙara batutuwa kimanin 300. Kusan babu abin da aka yi. A 2015 Vusi Pikoli, tsohon shugaban hukumar gabatar da ƙara, ya yi rantsuwa a rubuce cewa manyan gwamnati sun sa baki don a bar waɗannan shari'o'i. Iyalai ne da kansu suka yi ta fafutuka har aka sake buɗe wasu. A 2017 kotu ta yanke cewa Ahmed Timol, malamin makarantar da aka ce ya faɗo da kansa daga hawa na 10 na hedikwatar 'yan sanda a Johannesburg a 1971, kashe shi aka yi. Ɗan sandan da aka gurfanar ya mutu a 2021 ba a fara shari'arsa ba. Imam Abdullah Haron, limamin wani masallaci a Claremont ta Cape Town, ya rasu a 1969 bayan kwana 123 a tsare, aka ce daga matakala ya zame. Sai a Oktoban 2023 alƙali ya soke wannan hukunci ya ce azabtarwa ce ta kashe shi, lokacin da waɗanda suka yi masa tambayoyin duk sun riga sun mutu.

Haka batun mutum huɗun Cradock: Matthew Goniwe, Fort Calata, Sparrow Mkonto da Sicelo Mhlauli, waɗanda aka tare a hanya a Yunin 1985, aka kashe, aka ƙona gawarwakinsu. 'Yan sanda 6 suka nemi afuwa, aka hana su a 1999, kuma dukkansu sun mutu ba wanda ya tsaya gaban alƙali, na ƙarshe a 2023. A Janairun 2025 iyalai da waɗanda suka tsira suka maka gwamnati a kotu suna neman diyyar rand miliyan 167, ɗan Fort Calata, Lukhanyo, na kan gaba. A watan Mayu Ramaphosa ya naɗa tsohuwar alƙaliyar kotun tsarin mulki Sisi Khampepe ta binciki ko an hana masu gabatar da ƙara aikinsu, kuma wa ya hana. Shekarun da aka ba ta ta duba duk na mulkin ANC ne. Mbeki ya musanta cewa ya taɓa sa baki.